Tiyatar hana kyanwa haihuwa da ba ta magani: Abin da ya kamata mai kiwo ya sani

A manyan kasuwannin Kano, Kaduna, Sakkwato da Maiduguri, da wuya a zaga layin 'yan hatsi ko na masu kayan masarufi ba a ci karo da kyanwa kwance a kan buhu ba. Ɗan kasuwa yana ajiye ta ne domin ta tsare masa kaya daga ɓarnar ɓera, a gidajen ma'aikata kuwa ta zama abokiyar wasan yara kuma mai gadin ɗakin ajiyar abinci.

Sai dai duk wanda ya riƙe kyanwa na tsawon shekara guda ya san matsaloli biyu da ke biyo baya: haihuwa ba ƙaƙƙautawa, da rashin lafiyar da ke zuwa ba sallama. Abin da mutane da yawa suka fi saurin yi shi ne su zuba 'ya'yan a kwali su kai bola, idan kuma uwar ta kwanta ciwo su ɓallo mata ƙwaya daga cikin magungunan gida. Na farko yana ƙara yawan kyanwoyi marasa galihu a unguwa, na biyun kuma yakan kashe dabbar da aka yi niyyar ceto.

Likitocin dabbobi suna da hanyar magance duka biyun, amma hanyar tana da sharuɗɗa, musamman idan kyanwar tana ɗauke da wani ciwo tun farko.

Me ya sa kyanwa ke yawan haihuwa?

Kyanwa mace takan balaga tsakanin wata biyar zuwa tara, wasu ma tun suna wata huɗu. Cikinta yana ɗaukar kwana 63 zuwa 65, kuma takan haifi 'ya'ya uku zuwa biyar a karo ɗaya. A ƙasashe masu sanyi gajartar rana a lokacin hunturu tana dakatar da ita na wasu watanni. A yankinmu na Afirka ta Yamma, inda tsawon rana bai cika sauyawa sosai ba, tana iya neman barbara kusan duk shekara, har ta haihu sau uku.

Akwai kuma wani abu a halittarta da ke sa ba ta cika kuskuren ɗaukar ciki ba. Barbarar ce da kanta ke sa jikinta ya saki ƙwai, don haka haɗuwa kaɗan da muzuru ta wadatar. Idan ba ta samu muzuru ba, kukan nan mai tsawo da birgima a ƙasa yakan ɗauki kimanin mako guda, ya lafa, sannan ya dawo bayan mako biyu ko uku.

Lissafin mai sauƙi ne. Haihuwa uku a shekara, kowace da 'ya'ya huɗu, sun zama 12, kuma matan cikinsu za su fara tasu haihuwar kafin shekarar ta ƙare. Uwa mai shayarwa ma tana iya sake ɗaukar ciki 'yan makonni bayan haihuwa.

Mece ce tiyatar?

Ga mace, likita yana yi mata allurar barci, ya aske wani ɓangare na ciki ko na kwiɓi, ya yi ƙaramar tsaga, ya cire ma'ajiyar ƙwai guda biyu, galibi tare da mahaifa, sannan ya ɗinke. Aiki ne na buɗe ciki, saboda haka yana buƙatar tsabtatattun kayan aiki da hannun gwani. Ana cire zare bayan kwana 10 zuwa 14, idan ba mai narkewa aka yi amfani da shi ba.

Ga muzuru, aikin fiɗiya ne irin wanda Bahaushe ya sani a kan bunsuru da rago, sai dai a nan dole a yi shi cikin barci. Ana cire 'ya'yan maraina ta ƙananan tsaga biyu da galibi ba a ɗinke su, aikin kuma bai wuce 'yan mintuna ba. Ya kamata a sani cewa muzuru yana iya yi wa mace ciki har zuwa kimanin mako shida bayan aikin, saboda ragowar maniyyin da ke cikin jikinsa. Haka nan akwai muzurun da ɗaya daga cikin marainansa bai sauko ba. Irin wannan sai an nemo shi a matsematsi ko a cikin ciki, domin idan aka bar shi ɗabi'un muzuranci ba za su gushe ba.

Game da lokaci, ƙungiyoyin likitocin dabbobi da dama a Birtaniya da Amurka suna ba da shawarar a yi aikin tsakanin wata huɗu zuwa biyar, wato kafin kyanwa ta fara neman barbara. Maganar da ake yaɗawa cewa sai mace ta yi haihuwa ɗaya kafin a yi mata aiki ba ta da tushe a ilimin likitanci.

Amfanin da ke ciki

Babban amfani ga mace shi ne kariya daga kansar nono. A jikin kyanwa, mafi yawan ƙullutun nono, kimanin takwas zuwa tara cikin goma, mugun iri ne mai yaɗuwa. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Fensilbeniya ta Amurka, aka wallafa a 2005, ya gano cewa kyanwar da aka yi wa tiyata kafin ta cika wata shida haɗarin kamuwarta ya ragu da kashi 91 cikin 100, wadda aka yi wa kafin shekara guda kuma da kashi 86. Bayan wannan lokaci kariyar takan ragu ƙwarai.

Na biyu shi ne kuɓuta daga taruwar mugunya a mahaifa, ciwon da ke sa kyanwa ta daina cin abinci, ta riƙa yawan shan ruwa, cikinta ya kumbura, wani lokaci mugunya ta riƙa fita ta gabanta. Idan aka yi jinkiri, mahaifar tana iya fashewa ko dafin ya shiga jini.

Ga muzuru, fiɗiya tana rage yawon dare, da faɗa, da fitsarin nan mai wari da yake fesawa a bango da buhuna domin shata iyakarsa. Rage faɗa kuwa rage cuta ne. Ta hanyar cizo ake yaɗa ƙwayar cutar da ke karya garkuwar jikin kyanwa, wadda aka fara ganowa a Kalifoniya a 1986, kuma muzurai masu yawo ne suka fi ɗaukarta. Wannan cuta ba ta kama ɗan Adam.

Abin da ɗan kasuwa ya fi jin tsoro shi ne kada kyanwar ta daina kama ɓera. Farauta ɗabi'a ce da ba ta rataya a kan sha'awar barbara ba. Hasali ma kyanwar da aka yi wa aiki ta fi zama a shago, tunda ba abin da ke fitar da ita yawo kwana da kwanaki. Illar da aka tabbatar ita ce ƙiba: bayan aikin buƙatar jikinta ga abinci takan ragu alhali cinta yana ƙaruwa, don haka sai a riƙa auna mata abinci.

Allurar tazarar haihuwa ba mafita ba ce

Saboda gudun kuɗin tiyata, wasu sukan sa a yi wa kyanwa allurar tazarar haihuwa irin ta mata, ko a ba ta ƙwayoyi masu irin wannan sinadari. Allurar takan dakatar da neman barbara na wani lokaci, amma maimaita ta yana jawo ainihin cututtukan da ake gudu: taruwar mugunya a mahaifa, kumburin nonuwa mai tsanani, ƙullutun nono da ciwon suga. Idan kuma aka yi wa mai ciki ba tare da an sani ba, naƙuda tana iya gagara, 'ya'yan su mutu a ciki. A nan ne ake cewa garin neman gira a rasa ido, domin kuɗin tiyatar gaggawa ya ninka na wadda aka shirya.

Idan kyanwar tana da ciwo fa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi muhimmanci, domin haɗarin tiyata ya fi ta'allaƙa da allurar barci da halin da jikin dabbar yake ciki. Wani babban bincike da masana a Kwalejin Likitancin Dabbobi ta Landan suka jagoranta, aka wallafa a 2008, ya bi diddigin kyanwoyi fiye da 79,000 da aka sa barci ko aka kwantar musu da jiki. A cikin masu lafiya, ɗaya cikin 895 ce ta mutu ta dalilin hakan. A cikin marasa lafiya kuwa, ɗaya cikin 71 ce, wato haɗarin ya ninka fiye da sau 12. Binciken ya kuma nuna cewa fiye da rabin mace-macen sun faru ne bayan an gama aiki, da yawa a cikin sa'o'i ukun farko.

Darasin da ke cikin alƙaluman shi ne a gano ciwo kafin a shiga ɗakin tiyata, a kuma sa ido sosai lokacin farfaɗowa. Likita nagari zai auna nauyin kyanwar da zafin jikinta, wanda a ƙa'ida yake tsakanin digiri 38 zuwa 39.2 a ma'aunin Salshiyas, ya duba launin dadashinta, ya saurari zuciya da huhu, ya taɓa ciki. Idan ta tsufa ko tana da alamar ciwo, zai nemi gwajin jini domin duba ƙoda, hanta, suga da yawan jini.

Kyanwa mai mura, wadda hancinta ya toshe idanunta suna kwantsa, ana ɗage mata aiki har ta warke, saboda numfashi ne abu na farko da barcin tiyata ke taɓawa. Wadda ƙuma da tsutsar ciki suka shanye wa jini, dadashinta ya yi fari, sai an kashe ƙumar, an ba ta maganin tsutsa, an kuma ciyar da ita ta murmure. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Mai ciwon ƙoda, wanda ya zama ruwan dare a tsakanin tsofaffin kyanwoyi, tana buƙatar ƙarin ruwa ta jijiya lokacin aiki, da kaffa-kaffa wajen zaɓen magani. Allurar ketamin da ake yawan amfani da ita ta ƙoda take fita daga jikin kyanwa, don haka takan daɗe a jikin mai raunin ƙoda. Magungunan kashe zafi na rukunin meloksikam ma suna iya ƙara wa ƙodar lahani idan jiki ya bushe.

Ciwon zuciya yana da wuyar ganewa a kyanwa. Mafi yawansa kaurin tsokar zuciya ne, kuma bincike ya nuna kimanin ɗaya cikin bakwai na kyanwoyin da ake gani lafiya lau suna ɗauke da shi. Jin wani baƙon sauti a bugun zuciya ba ya hana tiyata kai tsaye, amma yana sa likita ya sauya maganin barci, ya kuma taƙaita ruwan da zai ƙara, domin yawansa yana iya taruwa a huhu.

Mai ciwon suga ana yi mata aiki da sassafe, likita ne kuma zai faɗi adadin insulin da za a yi mata a ranar, tunda ba za ta ci abinci kamar kullum ba. Mai farfaɗiya ba a dakatar mata da magani saboda tiyata. Wadda gwaji ya nuna tana ɗauke da cutar karya garkuwa ko ta sankarar jinin kyanwa, amma jikinta da ƙarfi, likitoci suna ba da shawarar a yi mata aikin, saboda yana rage wahalar ciki da shayarwa, yana kuma rage yaɗa cutar ga wasu.

Ana iya yi wa mai neman barbara ko mai ƙaramin ciki tiyata, sai dai jijiyoyin mahaifa sun cika da jini a lokacin, shi ya sa likitoci da yawa suka fi son a jira mako ɗaya ko biyu bayan kukan ya lafa. Mai shayarwa ana jira sai kimanin mako biyu bayan yaye, a kuma tsare ta daga muzuru a tsakani. Wadda mugunya ta taru mata a mahaifa ba ta da jira: tiyatar ce maganinta, da zarar an ƙara mata ruwa jikinta ya ɗan daidaita.

Wajibin mai kyanwa a nan shi ne ya faɗa wa likita gaskiya. Duk wani magani da aka ba ta a 'yan makonnin nan, ko na gargajiya ne, ko allurar tazarar haihuwa, ko zargin ta ci ɓeran da ya ci guba, a faɗa. Wasu nau'o'in gubar ɓera suna hana jini daskarewa, kuma kyanwar da ke da su a jiki tana iya zubar da jini har ta mutu a kan teburin aiki.

Shiri da jinya

Likita ne ke ƙayyade tsawon lokacin da za a hana kyanwa abinci kafin aiki, domin kada ta yi amai cikin barci ya shige mata huhu. Babba takan yi sa'o'i da dama ko daga dare zuwa safiya, ƙarama kuwa 'yan sa'o'i kaɗan, don suganta yana saurin faɗuwa. A ɗauko ta a cikin kwando mai murfi ko kwali mai ƙarfi da aka huhhuda. Ɗaure ta a buhu, musamman a zafin bazara cikin A Daidaita Sahu, yana iya galabaitar da ita kafin a isa.

Bayan aiki, a ajiye ta a ɗaki mai tsabta da shiru, a kan tsumma mai laushi a ƙasa, nesa da yara. Jikinta yakan yi sanyi bayan barcin tiyata, don haka a lulluɓe ta a lokacin hunturu. A fara da ruwa da ɗan abinci kaɗan idan ta farfaɗo sosai. Kada a bar ta ta fita ko ta riƙa tsalle har kwana 10. Idan tana lasar ɗinkin, a sa mata abin wuya mai siffar mazurari ko 'yar riga.

Kada a shafa wa wurin komai sai abin da likita ya bayar. Dettol da Izal suna ɗauke da sinadaran da jikin kyanwa ba ya iya sarrafawa, ita kuma duk abin da aka shafa mata sai ta lashe. Haka man zafi, toka, kananzir da baƙin mai. A duba ɗinkin sau biyu a rana. Kumburi mai ƙaruwa, wari, mugunya, zubar jini, buɗewar ɗinki ko ƙin cin abinci fiye da kwana guda dalilai ne na komawa asibiti nan take.

Magungunan da ke kashe kyanwa

Hantar kyanwa ba ta da isasshen sinadarin da hantar mutum da ta kare ke amfani da shi wajen narkar da wasu magunguna. Wannan ne ya sa abin da yake sauƙi ga yaro yake zama guba a gare ta.

Farasitamol ne kan gaba. Yana lalata jajayen ƙwayoyin jini har su kasa ɗaukar iskar numfashi. Illa tana iya farawa daga miligiram 10 a kowane kilo na nauyin jiki, wato miligiram 40 ga kyanwa mai kilo huɗu, alhali ƙwaya ɗaya ta manya tana da miligiram 500. Alamunsa su ne dadashi ya koma ruwan ƙasa ko shuɗi, fuska da tafukan ƙafa su kumbura, numfashi ya yi wuya. Akwai makarinsa a asibiti, amma sai an kai ta cikin 'yan sa'o'i.

Ibufurofen da diklofenak suna ƙona ciki su kashe ƙoda. Asfirin yakan kwana fiye da ɗaya a jikinta kafin rabinsa ya fita, don haka maimaita shi irin na mutane yana tara guba. Magungunan rukunin deksametazon da furednisolon, waɗanda ake saya barkatai, suna iya tayar da ciwon suga ko su tono ciwon zuciyar da ke ɓoye, kuma ba a haɗa su da magungunan kashe zafi.

Shagon magungunan dabbobi ma yana da nasa tarkon. Maganin kaska da ƙuma na karnuka mai sinadarin da ake rubutawa permethrin a jikin kwalba yana sa kyanwa karkarwa da farfaɗiya, ko da jikin karen da aka shafa wa kawai ta goga. Enrofloksasin na kaji yana makantar da kyanwa idan ya wuce miligiram biyar a kowane kilo a rana. Ga mai kilo huɗu iyakar ita ce miligiram 20, amma ƙaramin cokali ɗaya na ruwan maganin mai ƙarfin kashi 10 cikin 100 yana ɗauke da miligiram 500, ninki 25 ke nan. Allurar aibamektin ta shanu ita ma an haɗa ta ne domin dabba mai ɗaruruwan kilo, kuskuren ɗigo kaɗan yana taɓa ƙwaƙwalwar kyanwa.

A shago da gida, fiya-fiya da sauran magungunan feshin ƙwari da shinkafar ɓera suna kashe kyanwoyi da yawa. Wanda ya ajiye kyanwa don ɓera ya zaɓi tarko a maimakon guba. A ɓangaren abinci, albasa da tafarnuwa suna fasa jajayen ƙwayoyin jininta, ɗanye ko dafaffe, madara kuma takan sa manyan kyanwoyi da yawa zawo. Kyanwa maciyar nama ce a halitta. Ragowar tuwo da shinkafa kaɗai ba su da sinadarin taurin da ke cikin nama da kifi, wanda rashinsa ke raunana zuciya ya kuma kashe ido.

Yadda ake ba ta magani

Komai yana farawa da awo. Babbar kyanwa takan kai kilo uku zuwa biyar, kuma da nauyi ake lissafa magani. Mai sikeli a shago yana iya auna ta a cikin kwando, sannan ya cire nauyin kwandon.

Hanya mafi sauƙi ita ce a ɓoye ƙwayar a cikin ɗan guntun kifi ko nama da bai wuce loma ɗaya ba, a ba ta kafin babban abinci tana jin yunwa. Kada a zuba magani a cikin kwanon abinci gaba ɗaya, domin idan ta ji ɗaci za ta ƙaurace wa abincin, ba kuma za a san adadin da ta sha ba. Kada a daka ƙwaya ko a buɗe kafso sai an tambayi likita.

Idan dabarar ba ta yi ba, a naɗe ta da tawul a bar kai kawai a waje. A riƙe kan daga sama da hannu ɗaya, a ɗaga hancin sama a hankali har muƙamuƙin ƙasa ya saki, a buɗe shi da yatsa, a ajiye ƙwayar a can ƙarshen harshe, a rufe bakin, a shafa maƙogwaro. Idan ta lashi hancinta, galibi ta haɗiye. Daga nan a bi da ruwa kimanin mililita biyar da sirinji marar allura, ko ɗan abinci mai laushi. Wannan mataki wajibi ne ga doksisaikilin, domin idan ya maƙale a maƙoshi yana ƙona shi har hanyar abinci ta tsuke.

Maganin ruwa ana ɗura shi ne ta gefen baki, kaɗan-kaɗan, ba tare da an ɗaga kan sama ba, don kada ya shiga huhu. Idan an manta lokaci ɗaya kada a ninka na gaba. Idan ta yi amai bayan sha, a kira likita kafin a sake. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ana bin adadin kwanakin da likita ya rubuta ko da ta warware. Insulin yana buƙatar wuri mai sanyi, abin da ya kamata a tattauna da likita inda wutar lantarki ba ta tsayawa. Idan mai ciwon suga ta ƙi cin abinci, a tuntuɓe shi kafin a yi allurar, idan kuma ta fara tangaɗi bayan allura a shafa mata zuma a dadashi a garzaya asibiti.

Alamun da ba a kwana da su

Kyanwa gwanar ɓoye ciwo ce, shi ya sa alamu kaɗan suke da nauyi. Muzurun da ke yawan tsugunawa yana yunƙurin fitsari ba ya fita, mafitsararsa ta toshe, kuma yana iya mutuwa cikin kwana biyu ko uku. Numfashi da baki a buɗe, shanyewar ƙafafun baya farat ɗaya, farfaɗiya, da naƙudar da ta wuce rabin sa'a ana yunƙuri mai ƙarfi ba ɗa, duk na gaggawa ne. Kyanwar da ta yi kwana biyu ba ta ci komai ba, musamman mai ƙiba, kitse yana iya taruwa a hantarta ya zama ciwo na biyu da ya fi na farko.

Lafiyar mutanen gida

Kula da kyanwa kula da iyali ne. Cutar haukan kare tana kashe kimanin mutum 59,000 a duniya duk shekara, a ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke amfani da shi. Karnuka ne ke yaɗa kusan dukkanta, amma kyanwa ma tana kamuwa tana kuma yaɗawa. Ana yi mata rigakafi daga wata uku, a riƙa sabuntawa yadda likita ya tsara, kuma ranar tiyata dama ce ta duba katinta. Wanda kyanwa ta ciza ko ta yakusa ya wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, ya tafi asibiti a ranar.

Mata masu ciki su bar wa wani aikin kwashe kashin kyanwa saboda ƙwayar toksofilasma, wadda ke iya cutar da ɗan tayi. Ƙwayar tana buƙatar kwana ɗaya zuwa biyar a cikin kashin kafin ta iya kama mutum, don haka kwashewa kullum da wanke hannu suna rage haɗarin sosai, ba sai an kori kyanwar ba. Maganin tsutsa duk bayan wata uku, ko fiye da haka ga mai farautar ɓera, yana kare yara masu wasa a ƙasa. Ɓeran da ta kashe kuma kada a ɗauka da hannu tsirara, saboda zazzaɓin Lassa.

Me malamai suka ce?

Mutane da dama sukan yi tambaya kan halaccin aikin. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito game da matar da aka azabtar saboda ta kulle kyanwa ba ci ba sha har ta mutu ya nuna girman haƙƙin wannan dabba. Akasarin malaman fiƙihu sun halatta fiɗiyar dabbobin da ake ci, irin su rago da taure, sun kuma yi saɓani a kan waɗanda ba a ci. Wasu malaman Hanafiyya sun halatta ta ga kyanwa idan akwai amfani ko kawar da cuta, marigayi Sheikh Muhammad bin Salih al-Usaimin na Saudiyya shi ma ya ba da fatawar cewa babu laifi idan kyanwoyi sun yi yawa suna cutarwa kuma aikin ba zai azabtar da su ba. Mai shakka yana iya komawa ga malaminsa, tare da bayyana masa cewa cikin barci ake yin aikin, da maganin kashe zafi.

Ina za a je?

Jihohi suna da asibitocin dabbobi a ƙarƙashin ma'aikatun gona ko na kiwo, manyan birane kuma suna da masu zaman kansu. Akwai asibitocin koyarwa na likitancin dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato da Jami'ar Maiduguri, inda ake tura matsalolin da suka fi ƙarfin ƙaramin asibiti. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda take wurin tun 1924, tana samar da alluran rigakafin dabbobi, ciki har da na haukan kare.

Doka ta ɗora wa Majalisar Likitocin Dabbobi ta Najeriya yin rajistar likitocin dabbobi, kuma mai kyanwa yana da haƙƙin tambayar ko wanda zai yi aikin yana da rajista. Mai sayar da magani a shago, komai daɗewarsa a sana'a, ba likitan tiyata ba ne. Kafin a amince, a tambayi irin binciken da za a yi kafin barci, da maganin kashe zafin da za a bayar, da wanda zai zauna da kyanwar har ta farfaɗo, da lambar da za a kira idan matsala ta taso da dare, da kuma ko kuɗin da aka faɗa ya haɗa da magunguna da cire zare.

Daga ƙarshe, yana da kyau a ware wa kyanwa ƙaramin littafi, kamar yadda ɗan kasuwa ke ware na bashi: ranar haihuwa ko ranar da aka samo ta, nauyinta, alluran rigakafi, ranar maganin tsutsa, da sunan duk maganin da ta taɓa sha da adadinsa. Da wannan littafi a hannu, duk likitan da aka je wurinsa zai san inda zai fara.